Ruwan Wardin da Ba Shi da Ƙamshi

Ƙamshin ne babu. Abin da na fara lura da shi ke nan. Kullum in na buɗe kwalbar ruwan wardi, kafin in jiƙa auduga ƙamshin ya riga ya iso hancina, amma ran nan shiru. Na ce a raina wataƙila ya daɗe a firiji ne ya salance. Sai kuma na ji audugar tana santsi a yatsuna, irin santsin sabulu. Duk na lura da wannan, wallahi na lura, amma hannuna bai jira ni ba, don ya riga ya saba. Na kwanta rigingine a kan katifa, na rufe ido, na ɗora audugar a idona na hagu na ɗan danna.

Ban kai ga jiƙa ta biyun ba. Ruwan ya gangara ta gefen hanci ya shige cikin idon, na ji kamar an tura mini garwashi. Na yi cilli da audugar na miƙe zaune. Na so in buɗe idon, ya ƙi. Na sa yatsa zan ɗaga fatar, ita ma santsi take yi, tana zame mini. Ihun da na yi, an ce har ƙasan bene an ji shi. Ni ban ji kaina ba.

Bari in faɗi yadda kwalbar ta shiga firijinmu, don ni ma sai daga baya na haɗa labarin.

Tun da aka rushe unguwar Karantina a Jidda muka dawo unguwar Mahjar, ɗaki biyu da ɗan falo a saman bene. Ni ce, da Ummana, da yayana, da Sitti, wato kakata ta wajen uwa, sai Gwaggo, ƙanwar babana. Baba direban babbar mota ne, yakan yi makonni a hanya. Ni da Yaya a Jidda aka haife mu. Gwaggo kuwa umara ta zo daga Najeriya ta zauna, ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, saboda haka sana'arta a cikin gida take yi. Man shafawa take haɗawa da sabulun gyaran fata, tana zubawa a ƙananan robobi, mata suna hawowa har gida suna saya. Cikin kayan haɗinta akwai soda, farar nan mai kama da ɓarzajjen gishiri da ake yin sabulu da ita. Ba a sabulu kaɗai take sa ta ba. Takan narka ta a ruwa ta ajiye, in ta haɗa mai ya yi tsami da yawa sai ta ɗiga masa kaɗan, ta juya, ta tsoma wata siririyar takarda mai canza launi ta duba. In launin ya yi mata, halas, wato shi ke nan, man ya daidaita, ba zai ci fatar kowa ba. Ta sha gaya mana cewa a cikin mai ba ta da illa, amma tsurarta wuta ce. Sai da safar hannu take taɓa ta.

Mu kuma a gidanmu ba a yar da kwalba. Ta zaitun ta koma ta man gyaɗa, gwangwanin madara ya koma na yaji, haka muka tashi muka gani. Da ruwan wardinmu ya ƙare, Gwaggo ta wanke kwalbar ta zuba ruwan sodarta a ciki, ta ɗaura mata jan zare a wuya, ta ajiye a bakin taga bayan labule inda take ganin ba mai kai hannu. Ta ce ta gaya wa Umma. Umma ta ce ta ji kamar an yi maganar, tana tsakiyar suyar kifi. Sitti ce ta ɗaga labulen da safe tana kakkaɓa, ta ga kwalbar wardi a cikin rana, ga hoton furen nan a jikinta. Ruwan wardi ba ya son zafi, kowace mace ta sani. Sai ta mayar da ita ƙofar firiji inda ta saba zama. Zaren kuwa ta gan shi, ta ɗauka maƙalewa ya yi, ta tsinke ta yar.

Ni kuma na dawo daga kasuwar Balad bayan azahar, na je sayo wa Umma yadi, rana ta dafa ni a cikin abaya, gumi yana shiga mini ido. Tun ina sakandare haka nake yi in na shigo daga rana: auduga biyu, ruwan wardi mai sanyi, in kwanta in huta.

Umma ce ta fara shigowa. "Ke, lafiya? Me ya same ki?"

"Idona, Umma! Idona!"

Na ji takun Gwaggo a bayanta, na ji an ɗauki kwalbar daga ƙasa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Gwaggo. Muryar kamar ba tata ba. "Hajiya, soda ce. Sodata ce. Wa ya sa ta a firiji?"

Ta fisgi hannuna ta ja ni banɗaki, ina tuntuɓe da bakin ƙofa, ta danna kaina ƙarƙashin famfo ta murɗa. Famfon ya yi tari, ya fesa iska, ya yi shiru. Tun jiya tankin gidan ya ƙare, muna jiran wayit, motar da ke kawo ruwa, ba ta zo ba. Duk mun sani. Da safen nan da buta muka yi alwala. Amma Gwaggo ta ci gaba da murɗa famfon kamar zai ji tausayinmu.

Umma ta kawo abin da ya rage a butar ta sheƙa mini a fuska. Ta kawo ragowar ruwan sha na firiji, shi ma ya tafi. Ko sanyinsa ban gama ji ba ya ƙare, zafin ya dawo ya fi na da. Ta ruga ta buga ƙofar maƙwabta, ba kowa, sun tafi aiki, kuma ko suna nan tankinmu ɗaya da su. Mai kantin ƙasa yakan rufe a wannan lokacin ya je ya kwanta. Na ji Umma tana buɗe durowa, sai ga ƙamshin man kaɗanya kusa da hancina.

"Kar ki sa mata!" Gwaggo ta buge hannunta, na ji robar ta faɗi tana gangarawa. "Ba mai, ba madara, ba komai. Ruwa kawai, Hajiya, ruwa mai yawa. Wadda ta koya mini haɗin nan haka ta ce, har yau tabon yana hannunta."

"To ina ruwan? Ki gaya mini, ina ruwan?"

Ni ina durƙushe a ƙasan banɗaki, hannuna biyu a kan fuskata, ina jin su suna ihu a kaina. Idon dama ma ya ƙi buɗuwa, yana bin ɗan'uwansa. Ba abin da zan iya yi wa kaina. Abin yana cikin idona yana ci, ina jin yana ci, kuma ba ni da inda zan gudu in bar shi. Na riƙa cewa, "Umma zan makance, Umma zan makance," har maganar ta daina fita, sai baki kawai ke motsi.

Umma ta ɗauki waya. Yaya ta kira, yana shagon gyaran waya da yake aiki a Balad. Daga baya na tambaye ta me ya sa ba ta kira motar asibiti ba, ta ce ko tunaninta bai zo mata ba. Na yarda da ita. A gidan da akwai wanda ba shi da takarda, ba a saba kiran hukuma ba, ɗan gida ake kira. Na ji tana cewa, "Yalla, maza ka bar komai, ka taho da tasi, ka sayo ruwa a hanya." Daga Balad zuwa Mahjar da rana tsaka, ni na san abin da hanyar take ci, yanzu na biyo ta.

A nan ne na ji ana jan wani abu a ƙasa daga ɗakin Sitti. Ƙiiii, a tsaya, a yi nishi. Ƙiiii, a tsaya. Ko ban gani ba na san mene ne. Babbar jarkar zamzam ce da ke ƙarƙashin gadonta, a naɗe cikin tsohon zane. Tun kafin a haife ni take ajiyar zamzam, in ya daɗe ta sabunta shi. Ta ce da shi za a yi mata wankan ƙarshe, a yayyafa sauran a likkafaninta. Ranar da muka baro Karantina ta bar kujerunta da tukwanenta, amma jarkar nan a tsakanin ƙafafunta ta zauna a bayan mota. Ko da zazzaɓi ya kama ɗayanmu, a murfin jarkar take tsiyaya mana, ta tsaya a kanmu har mu shanye.

"Ku fito mini da yarinyar nan falo," in ji Sitti. "Ba a banɗaki ba."

Suka fito da ni falo suka kwantar. Umma ta yi bisimilla, na ji ƙarar cokali. Cokali ta ɗauko, wallahi. Haka ta tashi ta ga ana yi da zamzam: a ɗiga, a shafa, a sha a tsaye, ba a barin ko ɗigo ya taɓa ƙasa. Ta ɗiga mini a kan fatar ido tana addu'a, ta sake ɗibowa.

"Hajiya, ba haka ba," in ji Gwaggo tana kuka. "Tuttulawa za a yi. Sai an buɗe idon an tuttula."

"Zamzam ɗin? A ƙasa? Na Sitti ne fa, kin san na mene ne."

"Kawo baho," in ji Sitti. "Babban na wanki, ki goge shi. Ni na ajiye abina, ni na ce a zuba."

Aka tura bahon ƙarƙashin kaina. Umma ta matse kaina tsakanin gwiwoyinta, Gwaggo ta sa yatsu ta buɗe idon da ƙarfi. Ban san na yi faɗa da su ba sai da na ga shaidar farcena a hannun Gwaggo bayan kwanaki. Sitti tana tsiyayawa a kofi, Umma tana zubawa daga gefen hanci zuwa waje don kada ya shiga ɗaya idon. Ruwan yana shiga mini hanci da kunne, ina shaƙewa, ina roƙonsu su bari in huta.

"Ba hutu," in ji Sitti. "Juya ƙwayar sama. Juya ƙasa. Ke da kike da baki kamar rediyo, yau ki yi shiru ki ji magana." Can kuma, tana haki, ta ce, "Kin gani ko, 'yar nema? Kullum kina cewa sai kin riga ni komai. Ga shi har wankan ma kin riga ni."

Ba wanda ya yi dariya. Amma na daina fisge-fisge.

Haka suka yi ta yi har sautin jarkar ya canza, ta fara ƙara irin ta abin da ya kusa ƙarewa. Ina jin sautin ina lissafin abin da zai faru in ta ƙare Yaya bai iso ba. Sitti ta kifa ta gaba ɗaya, ta girgiza, ɗigon ƙarshe ya faɗa kofi. Muka zauna. Zafin ya ragu daga wuta ya koma kamar an cika idon da yashi. Umma ta leƙa taga ta dawo, ta sake leƙawa. Sannan muka ji takunsa a matakala, yana tsallake su, robobin ruwa suna karo da juna a leda.

Gwaggo ba ta bi mu ba. Ba za ta iya ba, asibiti wuri ne da ake tambayar takarda. A bakin ƙofa ta saka kwalbar a leda ta ɗaure ta danƙa wa Yaya. Umma ta ce a bar ta, kar a jawo tambaya. Gwaggo ta ce, "Ku kai musu. Ku faɗi gaskiyar abin da ke ciki. In sun ce wa ke da ita, ku ce ni ce." Sannan ta gyara mini mayafi.

A tasi na kwanta a cinyar Umma, tana ci gaba da zuba mini ruwan roba, yana jiƙa kujerar direban. Shi dai hon yake ta dannawa. Kowace danja muka tsaya sai in ji kamar a idona aka tsaya.

A asibiti Yaya ya nuna iƙamata a wayarsa. Da ya ce soda, ba su bar mu mun zauna a layi ba. Wata nas ta ɗiga mini wani abu, nan take zafin ya ɗauke ɗif. Maimakon in ji daɗi sai na firgita, na riƙe hannun Umma na ce, "Ya mutu, Umma, ba na jin sa." Nas ɗin ta ce maganin kashe zafi ne, in kwantar da hankalina. Suka rataya ledar ƙarin ruwa, suka sa siririn tiyo a bakin idon, ruwa yana bi ta kumatuna yana sauka a wani kwano. Leda ta ƙare aka rataya wata.

Da likitar ta zo, mace ce mai sanyin murya, sai ta ciro wata siririyar takarda ta taɓa cikin fatar idona da ita. Na ji Umma ta ja numfashi. Irin takardar Gwaggo ce, sak, wadda take tsomawa a man shafawa. Likitar ta ɗaga ta a haske ta ce da saura, a ƙara ruwa. Aka ƙara. Ta dawo ta sake gwadawa, ta sake cewa a ƙara. Ni dai ina kwance, rigata ta jiƙe har baya, sanyin ɗakin yana kaɗa mini haƙora, ana duba ni da takarda kamar robar mai.

Da launin ya yi mata, ta duba idon da wata fitila mai shuɗin haske. Ta tambaya ko an wanke a gida, da me, kuma ya daɗe ana wankewa. Umma ta ce da zamzam, jarka guda. Ta ce madalla. Sai na yi tambayar da ke bakina tun a banɗaki.

"Daktora, zan gani da shi?"

Ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ce fatar saman ƙwayar ta saɓule, kuma soda ba ta tsayawa inda ta faɗa, takan ci gaba da shiga ciki ko bayan an wanke. Yau ba za ta iya cewa komai ba. Sai an ga yadda idon zai yi da kansa. Ta rubuta magungunan ɗigawa, ta ce in riƙa dawowa.

Kwanakin da suka biyo baya ba ni da abin faɗa a kansu sosai, don ba abin da na yi sai jira. An sauke labule, haske ya zama abokin gabana. In ba kowa a ɗakin sai in rufe idon dama da tafin hannu in kalli ƙofa. Kamar ana kallo ta cikin leda mai maiƙo. In Sitti ta shigo ina ganin farin mayafinta, fuskar kuwa babu. Na daina gwadawa, na sake gwadawa. Duk komawar da muka yi asibiti maganar ɗaya ce: yana rufewa a hankali, mu dai ci gaba.

Gidan ya yi tsit. Wayit ta zo da yammar ranar da abin ya faru, ina jin famfo yana zuba a banɗaki kamar da gayya. Gwaggo ta kwashe robobinta duka ta ɗaure a buhu, matan da suka hawo saye ta ce musu ba ta yi. Ba ta cin abinci tare da mu. Takan tsaya a bakin ƙofar ɗakina, in na juya sai ta wuce. Sitti kuma ta ce ba za ta ƙara taɓa firiji ba, ko ruwa za ta sha sai ta kira wani. Na so in ce musu ni ma ai na ji babu ƙamshi kuma na ɗora, amma duk lokacin da na buɗe baki sai kuka ya riga maganar. Har yanzu da nake rubuta wannan, ba na buɗe kwalba ban shinshina ba, ko ta ruwan sha ce. In sabulu ya yi mini santsi a yatsa sai gabana ya faɗi.

Bahon nan kuwa ya daɗe a kusurwar falo an rufe shi da tire. An rasa yadda za a yi da shi. Zamzam ne, ba a kai shi banɗaki. Da soda a ciki, ba a sha, ba a shafawa. Kowa ya bi ta gefensa ya wuce. Daga ƙarshe Yaya ya sauka da shi a hankali ya zuba a gindin darbejiyar bayan gida, inda ba a takawa.

Ranar da muka koma ta ƙarshe da safe ne, ni da Umma. Na ɗora haɓata a kan na'urar duba ido, likitar ta ɗiga mini wani ruwa mai launin rawaya, ta kunna shuɗin hasken. Ta ce kalli sama. Kalli kunnena. Ta daɗe tana dubawa, ni kuma na ƙanƙame ƙarfen teburin har yatsuna suka sage. Sannan ta rufe mini idon dama ta nuna allon bango. Na karanta layin sama. Na karanta na ƙasansa. Na ci gaba da sauka har na kai inda ƙananan suka fara haɗewa.

Ta tura kujerarta baya. "Halas," ta ce. "Ya rufe gaba ɗaya, kuma bai bar tabo a kan ƙwayar ba. Ɗan hazon da ya rage zai washe. Tabon fatar waje ne kawai zai ɗan jima."

Na ce, "Ba zan makance ba?"

"Ba za ki makance ba."

Na sake tambaya, ta sake faɗa, ba ta gaji ba. Umma ta fara hamdala da ƙarfi har nas ta leƙo. Tun a cikin ɗakin ta kira gida ta sa wayar a fili. Gwaggo ce ta ɗauka. Umma ta gaya mata, sai numfashinta kawai muke ji, sannan wani sauti kamar ta zauna a ƙasa. Can daga nesa muryar Sitti ta taso: "Me suka ce? Ke, ba ni wayar nan. Me suka ce?"

Na karɓa zan gaya mata da bakina, sai kuka ya ƙwace mini. Likitar ta miƙo mini tishu ta ce in yi kukana, hawaye ba zai yi wa idon komai ba yanzu. Sai na ci gaba da zama, wayar a hannuna, Sitti tana ta kiran sunana.